Gidan da Na Cire wa Rufi a Sakkwato

A Illela na fara sanin cewa na bar ƙasarmu. Sojan da ke bakin shinge ya zazzage jakata a ƙasa, ya ture riguna da ɗan guzurina gefe da ƙafa, ya ɗauki akwatin kayan zanena. Ya buɗe ya zaro kamfas, ya taɓa tsininsa da yatsa, ya tambaye ni ko da wannan muke soke mutane a Nijar. Na ce a'a, da'ira ake zanawa da shi. Ya ce in zana ya gani. Na durƙusa a gaban fasinjoji na zana masa a kan rairayi. Ya ce ta yi kyau, ya jefa akwatin cikin aljihunsa, ya miƙo mini takardata. Shekara uku na yi ina karatun zanen gini da akwatin nan. Direba yana ta danna ham, wata tsohuwa ta ja mini riga ta ce in shiga mota in bar shi da Allah. Na shiga, haushi bai sake ni ba har muka iso Sakkwato.

Sunana Isufu, mutumin Damagaram ne ni. Shekarar da darajar sefa ta faɗi aka rufe ofishin da nake zana gidaje, na zauna wata takwas ba aiki, ga mata ga ɗiya. Wani ɗan garinmu mai suna Sa'idu, wanda ke kai da kawo tsakanin ƙasashen biyu, shi ya ce mini akwai babban kamfanin gini a Sakkwato da ke neman mai zane ido rufe. Babban kamfanin nan da muka je, shago ne mai ƙofa biyu a Gidan Igwai, cike da fankoki da tafireta da injin kwafi guda ɗaya. Sa'idu ya damƙa ni ga mai shagon, ya ce bari ya je ya yi salla ya dawo. Yau shekara nawa, bai idar da sallar nan ba.

Mai shagon, Alhaji Ummaru, gajeren mutum ne wanda ba ya iya zama wuri ɗaya, kullum makullai na ƙara a hannunsa. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Kai am mai zanen? Taho ka gani."

Ya kai ni ƙuryar shago ya yaye wani zane, sai ga kwamfuta. Ya ce daga Ikko ya sayo ta, da manhajar da ake gina gida a cikinta, a juya shi, a shiga cikinsa kamar a majigi, alhali ko tubali ɗaya ba a aza ba. Wanda ya sayar masa ya yi alkawarin turo mai koyarwa, mai koyarwa bai zo ba. Saura wata ɗaya da 'yan kwanaki a buɗe bikin baje koli, ya riga ya kama rumfa, kantoman soja da kansa zai zaga rumfuna, kuma yana son manyan ma'aikatar ayyuka su ga abin su ba shi kwangila. Ya ce zane dai zane ne, ko da alƙalami ko da inji.

Ban taɓa sa hannu a kan kwamfuta ba. Sau ɗaya na taɓa hango wata ta tagar wani ofishi a Yamai. Amma na tuna matata da na bari a ɗakin mahaifiyarta, na ce masa in Allah ya yarda. Ya ce madalla, in kawo takardar shaidata ya ajiye mini, don garin ana kamen baƙi. Ya jefa ta a durowa ya murɗa makulli. Kafin yamma na ji shi yana gaya wa maƙwabcinsa mai sayar da taya cewa ya ɗauko injiniya daga Faransa. Ni da iyakata Yamai.

Kwana huɗu na yi ina kwana a shagon a kan kwali. Na iya kunna injin, na iya kashe shi, abin da ke tsakani kuwa ban gane komai ba. Littafin da ya zo da shi ya kai kaurin bulo, kuma duk da Ingilishi yake, ni kuwa da Faransanci aka karantar da ni. In na zauna minti goma sai in tashi in fita bakin titi, in dawo, in sake fita. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci na kasa komawa shagon, na yi ta tafiya ba tare da sanin inda na nufa ba, har na tsinci kaina a unguwar Hubbare cikin masu ziyara.

A wani lungu na ga zaure na ƙasa wanda ya tsayar da ni cak. Ƙofarsa a buɗe, ina hango bakan da ya ɗauki rufin, huɗu sun taso daga bango sun haɗu a tsakiya ba tare da ginshiƙi ba. Na miƙa hannu na rufe ido ɗaya ina aunawa da babban yatsa, kamar yadda aka koya mana. Sai na ji murya daga ciki.

"Kai wanga, mi kaka auna ga gidan mutane?"

Wani tsoho ne zaune a kan buzu. Na yi sallama na ba shi haƙuri, na ce bakan ne ya burge ni, na tambaye shi hawa nawa na azara aka jera kafin su haɗu. Ya ce in faɗi nawa nake tsammani. Na ce biyar. Ya ce shida, amma na yi ƙoƙari. Shi ne Baba Ladan, magini ɗan magini, shi da mahaifinsa suka ɗaga zauren nan da hannunsu. Da ya ji harshena ya ce Badamagare ne, ya yi dariya, ya ce mu ne muke magana kamar ana korarmu. Da ya ji inda nake kwana kuwa ya daina dariya. Akwai ɗan ɗaki a jikin zauren, ya ce in kwaso kayana.

Ban san da me zan kwatanta zaman da na yi a gidan nan ba. Safe da yamma Baba da kansa yake fito mini da kwano daga cikin gida, tuwon gero ko fura, wani lokaci shinkafa. Matarsa, wadda kowa ke kira Inna, ban taɓa ganin fuskarta ba. Muryarta kawai nake ji ta bayan bango tana cewa a tambayi baƙo ko ya ƙoshi. Akwai ƙofa ta biyu a ƙarshen zauren, da asabari a rataye. Ko almajiransa na gini, masu furfura a gemu, a nan suke tsayawa. Ranar da zazzaɓi ya kayar da ni, jiƙon da aka aiko mini ɗacinsa irin na mahaifiyata ne sak, na sha ina hawaye, Baba ya ɗauka ɗacin ne.

Littafin Ingilishin kuwa, Allah ya kawo mini Malam Bitrus. Malamin makarantar sakandare ne, mutumin Filato, ya zo shago kwafin takardun jarrabawa ya tarar da ni na dafe kai a kan littafin. Ya karanta shafi ɗaya a tsaye, ya ce shi Turancin ya gane, amma bai san abin da ake nufi ba. Na ce ya faɗa mini da Hausa. Ya faɗa, sai ni na gane. Muka kalli juna muka yi dariya. Daga ranar, kullum bayan la'asar nakan hau kabu-kabu, wato babur na haya, zuwa gidansa a Minanata, mu zauna a ƙarƙashin darbejiya, shi yana fassarawa ni ina zanawa a takarda, matarsa Maman Ladi ta ajiye mana gwaten acca, faten mutanensu. Da safe in je in gwada a injin. Rabin abin da muka fahimta ba daidai ba ne, sai in koma da yamma in ce masa, "Malam, mun yi ƙarya jiya."

Wata safiya na danna wani wuri, gilashin kwamfutar ya rabu gida huɗu. Ɗaya yana nuna abu daga sama, ɗaya daga gaba, ɗaya daga gefe, na huɗun yadda ido ke ganinsa. Na zauna ina kallo. Ai wannan shi ne abin da na yi shekara uku ina yi da rula a makaranta. A ranar na ji ƙafata ta taɓa ƙasa. Kafin mako ya zagayo na iya ta da bango, na iya huda ƙofa, na kuma gane cewa akwai wani ido a cikin manhajar wanda ake zana wa hanya ya bi, duk abin da ya gani shi za a gani a gilashi. Matsalar ɗaya ce. In an gama tsara komai, sai injin ya zana hotunan ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya ci kusan kwata na awa, kuma sai an tara ɗaruruwa kafin a sami motsin da bai kai minti ɗaya ba. Ni da Malam Bitrus muka sa wa wannan aiki suna dahuwa.

Manhajar ta zo da nata samfurin guda biyu, na nuna wa Alhaji. Na farko wata Baturiya ce da guntun siket tana tafiya. Ya kauda kai ya yi a'uziyya, ya ce a gaban malaman Sakkwato zan kunna wannan? Na biyu butar shayi ce tana juyawa. Ya ce shi bai je Ikko don ya nuna wa kantoma buta ba. Yana son abin da mutum zai gani ya ce ya san wurin nan.

Ni na kawo maganar gidan Baba Ladan. Ba wanda ya sa ni. Na so in gina bakan nan a cikin inji, in ga ko zan iya, wannan ita ce gaskiya. Na ce wa Baba ina son in zana gidansa don kada aikin mahaifinsa ya ɓace. Ban yi ƙarya ba, amma ban ambaci baje koli ba, kuma na san ban ambata ba. Ya ji daɗi ƙwarai. Zaure na auna da kaina da igiya. Cikin gida kuwa, da yake ba zan shiga ba, shi ya zana mini da yatsa a kan rairayin zauren, yamma uku a jere, magini yana gaya wa mai zane. Nan ɗakin Inna, ƙofarsa na duban kudu, taku goma sha ɗaya zuwa rijiya. Nan ɗakin matar ɗansa. Nan madafa, nan rumbu, nan makewayi. Nan wata 'yar ƙofa a bangon baya da mata ke bi zuwa gidan ƙanwarsa ba sai sun fito titi ba. In ya zo kan ɗakunan sai ya rage murya. In mun gama sai ya shafe rairayin da tafin hannu kafin ya tashi. Ina kallonsa yana yin haka, kaina yana kan lissafin azara.

Kwana goma sha shida dahuwar nan ta ci, kuma ta ci ni. Lokacin zafi ne, zafin Sakkwato da ba ya jin magiya. Fankokin sayarwa guda uku na juya wa injin, ni ina zaune a gefe ina tsiyaya. A ɗauke wuta hoto yana rabi, sai a sake daga farko. Janareta na nan, amma mai ya yi wuya, a ƙasar da ake haƙo shi. Na sha tsayawa a layin gidan mai da jarka tun hantsi har azahar, in dawo da rabi, ko in dawo hannu wofi. Ba na iya cin abinci a zaune. In ina salla ina jin kunnena yana can wajen ƙarar janareta, Allah ya yafe mini. Alhaji kuma duk bayan awa ɗaya sai ya leƙo da makullansa ya ce, "Injiniya, ta nuna?"

Saura kwana huɗu ta nuna. Ido ya taho ta lungu, ya shiga zaure, ya ɗaga ya dubi bakan, ya ratsa asabari. Daga nan rufin gidan gaba ɗaya ya ɗaga sama kamar an buɗe faifan kwarya, ido ya zagaya tsakar gida, ya wuce rijiya, ya shiga ɗakin Inna ya fito, ya bi ta 'yar ƙofar baya ya fice. Daƙiƙa arba'in. Alhaji ya kalla sau bakwai. Ya ce za a rubuta a babban allo cewa gidan Ladan magini ne na Hubbare, duk mai shakka ya je ya gani da idonsa. Ni kuwa kaina ya kumbura, na ce wanda ya fi cancanta ya fara gani shi ne mai gidan.

Washegari bayan la'asar na ɗauko Baba. Ya sa babbar rigarsa ta zuwa ɗaurin aure, ya hau kabu-kabu yana ta addu'a, don bai saba ba. Alhaji ba ya nan. Na ba shi kujera na kunna. Da zaure ya bayyana ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashi.

"Ikon Allah. Ga baka nan. Har inda babana yak karkace ka sa."

Sai ido ya ratsa asabari, rufi ya tashi. Baba ya koma da baya a hankali ya jingina. Hoton ya ƙare. Na tsaya ina jiran yabo kamar wawa.

"Wa za shi ganin wanga?"

Na ce a baje koli za a nuna.

"Mutum nawa?"

Na ce duk wanda ya zo. Na yi sauri na ƙara da cewa ai ba mutum ko ɗaya a ciki, bango ne kawai.

"Isuhu," in ji shi, "maƙwabcina na dama, shekara arba'in muna salla sahu guda. Bai san inda ƙohwar ɗakin matata ta duba ba. Ni ma ban san tashi ba. Ni na ɗauka takarda za ka yi, ka ba ni in aje cikin akwati."

Na fara kame-kame. Ya ɗaga hannu.

"Ban ce ka yi ba, ban ce ka bari ba. Ni nab buɗe baki na gaya ma. Aikinka na, da shi kaka ci da iyali."

Ya tashi ya gyara rigarsa. Na ce bari in tsayar da kabu-kabu, ya ce ƙafarsa lafiya lau. Tun daga Gidan Igwai har Hubbare a ƙasa ya koma. Da na isa gida bayan magariba, kwanona na nan a bakin ɗaki a rufe, har da man shanu a kan tuwon. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na kasa ci, na kuma kasa mayar da shi cike, haka na tura shi da ƙyar.

Da safe na gaya wa Alhaji. Ya dube ni kamar na zare.

"Bango na hwa. Laka da azara. Wa ka jin kunyar laka?"

Na ce to a cire sunan daga allo. Ya ce sunan shi ne cinikin, kuma ko an cire, duk Basakkwace ya ga zauren nan ya san na wane ne. A nan ya fi ni gaskiya. Na ce a yanke daga asabari. Ya ce ɗaga rufin nan shi ne abin da zai sa manya su miƙe tsaye, in an cire shi me ya rage? Ya buga durowar da takardata ke ciki da makulli, ya ce in na ɓata masa rumfa in san inda zan kwana da wanda zai fidda ni hannun 'yan sanda. Sannan ya sassauto, ya ce in abin ya yi kyau zai kama mini gida a Minanata in ɗauko iyalina. Ya san inda ke mini ciwo.

Na tafi wurin Malam Bitrus ina ta zuba, na zagi Alhaji, na zagi Sa'idu, na zagi sojan Illela. Ya bar ni na gaji. Ya ce su a garinsu gida ba shi da zaure, kana tsaye a hanya kana ganin mai daka. Amma da wani zai ci gwaten Maman Ladi wata guda, sannan ya je kasuwa ya nuna inda gadonta yake, shi bai san abin da zai yi wa mutumin ba. Na ce to ya zan yi da matata da ɗiyata? Ya ce wannan ba ya cikin littafin, ba zai iya fassara mini ba.

Kwana biyun da suka rage ban zauna ba. In na kama hanyar Hubbare sai in juyo, in na iso shago sai in ji kamar ana tsikarata. Na yi ta gaya wa kaina cewa kwana bakwai ne a gama baje kolin, kowa ya manta. Sai in tuna ba mantawa za a yi ba, a lungun nan tsohon zai ci gaba da fitowa masallaci sau biyar a rana, kowane matashi ya san taku nawa ne daga ɗakin Inna zuwa rijiya. Ana jibi buɗewa na zana wa idon sabuwar hanya, gajera, wadda farkonta ya riga ya dahu, sauran kuma zai dahu cikin lokacin da ya rage. Na ce wa Alhaji gyaran haske nake yi. Safiyar da za a ɗauki injin zuwa fili, yana waje yana faɗa da mai a-kori-kura, na goge cikin gidan. Ɗakuna, rijiya, 'yar ƙofa, da hotunansu na kwana goma sha shida, duk na goge, har da na faifan ajiya. Injin ya tambaye ni ko na tabbata, wannan Turancin kam na iya shi. Na danna.

Filin baje koli ya cika maƙil. Rumfarmu tana tsakanin masu injin ban ruwa da masu takalman fata. Alhaji ya sa an ɗinka mini kwat, a zafin nan, don injiniyan Faransa ba ya sa kaftani. Ya hana a kunna wa kowa sai kantoma ya fara gani. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya suka iso, sojoji a gaba, manyan ma'aikata a baya da manyan riguna. Alhaji ya yi jawabinsa, ya nuna allo, ya ce mini bismilla.

Ido ya taho ta lungu, ya shiga zaure, ya ɗaga ya bi bakan nan huɗu a hankali har inda suka haɗu, ya sauko ya tsaya a gaban asabari. Ya juya ya fita. Daƙiƙa goma sha biyu. Wasu daga baya suka ce kai, zauren Ladan ne. Kantoma ya ce da kyau, a shiga ciki mana.

"Shiga ciki, injiniya," in ji Alhaji, yana murmushi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, mai gidan bai ba mu izini ba."

Kantoma ya yi dariya, na bayansa suka taya shi. Ya ce injin yana da ladabi, ya wuce wurin masu takalma. Ko minti uku ba su yi a rumfarmu ba, kuma ba wanda ya waiwayo. Alhaji ya matso ya ce a hankali in kunna na gaskiyar kafin manyan ma'aikata su yi nisa. Na ce babu shi. Ya ce kamar ya babu? Na ce na goge. Ban taɓa ganin mutumin nan ya tsaya cik ba sai ranar, har makullansa suka yi shiru. Bai zage ni a gaban mutane ba. Da yamma a shago ya buɗe durowa ya jefo mini takardata a ƙasa, ya ce in cire masa kwat ɗinsa. Ba na ganin laifinsa sosai. Dukiyarsa ya zuba, ni kuma ban gaya masa gaskiya ba, kamar yadda ban gaya wa Baba ba.

Na koma Hubbare da la'asar sakaliya, ba aiki, amma zuciyata wasai. Ina tafe ina tsara yadda zan roƙi Baba ya sa ni cikin masu yi masa aikin gini kafin in sami wani abu. Na tarar da shi a kan buzunsa. Labari ya riga ni, maƙwabta sun je sun gani, sun zo suna yi masa barka da zaurensa ya shiga talabijin. Na durƙusa na gaya masa komai, na ce ko ɗigo bai rage a cikin injin ba.

"Na jiya. Ka yi abin da ɗan halas ka yi. Allah shi yi ma albarka, shi ba ka wanda yaf fi shi."

Na ce amin. Ya daɗe yana murza carbi.

"Ka goge na cikin inji. Na cikin kanka hwa?"

A lokacin ma ina iya rufe ido in bi gidan ɗaki ɗaki.

Ya ce ranar da ya dawo daga shago ya gaya wa Inna abin da ya gani, don bai saba ɓoye mata ba. Tun ranar ba ta sake fita rijiya ba sai da lulluɓi, a cikin gidanta, matar ɗansa ma haka. Sun ce in sun taka tsakar gida sai su ji kamar ba rufi a kansu, tunda baƙon da ke bayan bango ya san kowane lungu. Ya yi musu magana, abin ya ƙi. Ya ce laifinsa ne da ya zana mini, amma ba zai iya barin tsohuwa tana ɓuya a gidan da ta yi shekara hamsin a ciki ba. Akwai wani magini abokinsa a Birnin Kabi da ke neman mai zane, ya riga ya aika masa.

Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Har na buɗe baki in ce saboda gidan nan na rasa aikina yau ɗin nan. Na dubi fuskarsa na ga shi ma ya sani, kuma ya fi ni jin nauyin abin, sai na rufe bakina.

Washegari da hantsi na ɗaure jakata. Aka fito mini da ƙullin dambu da dakakken yaji, muryar Inna ta ce daga bayan asabari a gaida Damagaram in an yi aike, Allah ya kiyaye hanya. Na sunkuya zan ɗauki jaka, Baba ya riga ni. Na ce Baba don Allah, ya ce in saki. Tsoho ɗan shekara saba'in ya rataya jakata a kafaɗa. Akwai gajeriyar hanya zuwa titi ta bayan masallaci, bai bi ta ba. Ya bi da ni ta tsakiyar unguwa, ta gaban mahauta, ta majalisar dattawa, ta bakin Hubbare inda jama'a suka fi yawa, yana tsayawa yana cewa ga baƙonsa zai tafi Birnin Kabi aiki, a yi masa addu'a. Tafiyar minti biyar ta ci mana kusan awa. Ni duk na ƙosa, na ce masa mota za ta cika ta bar ni.

"Ta bar ka, wata na zuwa," in ji shi. "So nike kowa shi gani da idonai ni nar raka ka. Kada bayanka wani shi ce korarka anka yi."

A bakin titi ya sauke jakar, ya riƙe hannuna da nasa biyu har kabu-kabu ya tsaya. Na hau. Da muka kai kwana na waiga, yana nan tsaye a rana bai juya ba.